Wutsiyar Adireshi: Me Ɗigo NG Zai Tsinana wa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

Da wuya a yi mako guda a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa wani saƙo bai zagaya wayoyin mutane ba, yana cewa gwamnati ta buɗe shafin rabon tallafi, ko an fara ɗaukar sabbin sojoji, ko ana rajistar manoma don ba su taki da rahusa. A ƙasan saƙon akwai shuɗin rubutu, wai a latsa a cika fom, a kuma tura wa mutum goma kafin a rufe. Wani ya latsa ya ba da lambarsa ta BVN da ta NIN, wani ya je wurin mai POS ya biya kuɗin fom, wani ya tura wa ƙaninsa da ke zaune babu aiki, yana ganin alheri ya yi masa. Sharhinmu na yau a kan wannan shuɗin rubutun ne, musamman haruffan da ke wutsiyarsa. Ana yawan tallata wutsiyar Nijeriya, wato ɗigo ng, da sunan kishin ƙasa, a ce a yi amfani da namu na gida. Ni a ganina kishin ƙasa shi ne mafi raunin dalilan da za a kawo wa mutumin karkarar Katsina. Amfaninta gare shi yana cikin ɓangaren da aka kulle, wanda ba kowa ke iya shiga ba, domin wannan ɓangaren shi ne hatimin da ke raba takardar hukuma da ta ɗan damfara, kamar yadda hatimin hakimi ke raba sammaci na gaskiya da na bogi. Hukumomin da ke kusa da talaka kuwa, ƙananan hukumomi da makarantu da asibitoci, su suka fi kowa buƙatar wannan hatimi, su ne kuma suka fi yin sakaci da shi.

Mu fara daga tushe. Kowace kwamfuta da ke ɗauke da shafi a intanet tana da lamba, doguwa, wadda ba mai iya riƙe ta a ka. Shi ya sa a farkon shekarun 1980 masana a Amurka suka ƙirƙiro tsarin sunaye, mutum ya rubuta suna, na'ura ta nemo masa lambar. Aka ware wa kowace ƙasa wutsiya mai haruffa biyu daga wani jerin ƙasashen duniya da ake kira ISO 3166. Nijar ta sami ne, Ghana gh, Kamaru cm, Chadi td, Saudiyya sa, Nijeriya kuma ng. Mutumin da ya yi shekaru yana raba waɗannan wutsiyoyi shi ne Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a wata takarda da ya fitar a Maris na 1994 ya shimfiɗa ƙa'idar da har gobe ake komawa gare ta: wanda aka damƙa wa wutsiyar ƙasa amana yake riƙe wa mutanen ƙasar da sauran al'ummar intanet, bai mallake ta ba. Postel ya rasu a 1998, shekarar da aka kafa hukumar ICANN, wadda a ƙarƙashinta ake ajiye babban kundin da ke nuna wa ke riƙe da wutsiyar kowace ƙasa.

Tamu wutsiyar an yi mata rajista a Maris na 1995, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, lokacin da samun layin NITEL a gida ma sai mai uwa a gindin murhu. An rubuta sunan Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas a matsayin mai kula da ita ta fuskar gudanarwa, amma aikin na'urorin da ke amsa tambayar duniya game da sunayen Nijeriya a waje ake yin sa. Da farko wata cibiyar bincike a birnin Pisa na Italiya ce ke riƙe da shi, daga baya wani Ba'amurke mai suna Randy Bush, wanda ya taimaka wa ƙasashe masu tasowa da dama shiga intanet, ya karɓa. Da harkar intanet ta fara kankama a ƙasar, sai rigima ta ɓarke a kan wanda ya cancanci riƙon. Ƙungiyar Nigeria Internet Group ta nemi a miƙa mata, wasu masu sana'ar suka ce ba su yarda ba, aka yi ta kai ƙorafi waje, har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a farkon 2004. Aka miƙa riƙon ga NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani da aka kafa a 2001, bisa fahimtar cewa za a kafa ƙungiya mai zaman kanta ta masu ruwa da tsaki. Ranar 23 ga Maris 2005 aka kafa NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Nijeriya, amma sai a 2009 aka kammala sauya sunan mai riƙo a kundin duniya zuwa gare ta. Wato shekara 14 aka yi kafin sunan ƙasar ya zauna a hannun da kowa ya amince da shi, kuma a cikin waɗannan shekarun ne bankuna da jaridu da kamfanoninmu da yawa suka saba da ɗigo com. Sabo kuwa turken wawa, ba a tumɓuke shi da sanarwa ɗaya.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan rigimar 'yan boko ce kawai. A 2023 jaridar Financial Times ta bankaɗo cewa miliyoyin saƙonnin imel da aka nufi aika wa sojojin Amurka, masu wutsiyar mil, sun yi ta faɗawa wutsiyar ƙasar Mali, wato ml, don kawai mai rubutu ya tsallake harafin i. A shekarun da hakan ke faruwa wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Holan ne ke gudanar da wutsiyar Mali bisa kwangila, kuma a cikin wannan shekarar kwangilar ta ƙare, riƙon ya koma hannun gwamnatin Bamako. Harafi ɗaya ke nan. A wani gefen kuma, ɗan tsibirin Anguilla, wanda mutanensa ba su kai na gari guda cikin manyan garuruwan Katsina ba, ya sami kusan dala miliyan 32 a 2023 daga sayar da sunaye masu wutsiyar ai, saboda haruffan sun yi daidai da laƙabin da ake yi wa ƙirƙirarriyar basira da Turanci.

To, ga yadda ƙa'idar rajista take a Nijeriya. NiRA ce ke riƙe da kundi, amma ba ta sayar wa mutum suna kai tsaye. Akwai kamfanonin da ta tantance ta ba su izini, dillalai ke nan, kuma wurinsu ake zuwa. Mutum ya bincika ko sunan da yake so wani bai riga shi ba, domin wanda ya fara zuwa shi ke samu, ya ba da sunansa da adireshi da lambar waya da imel, ya biya kuɗin shekara. Haya ce ake sabuntawa, ba a saye a mallaka har abada. Sunayen kuma kashi biyu ne. Akwai na buɗe, irin su com.ng na kasuwanci, org.ng na ƙungiyoyi, name.ng na ɗaiɗaikun mutane, da ng zalla wadda ta fi tsada. Waɗannan kowa na iya saye, ba a tambayar takardar shaidar sana'a. Sai kuma na kulle. Ba a ba da gov.ng sai ga hukumar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma, kuma ta hannun NITDA ake bi, da wasiƙar neman izini daga shugaban hukumar. Ba a ba da edu.ng sai ga manyan makarantun da hukumomin kula da su suka amince da su, shi ya sa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take umyu.edu.ng, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma take fudutsinma.edu.ng, ta Ahmadu Bello take abu.edu.ng. Wutsiyar mil.ng ta sojoji ce, sch.ng kuma ta makarantun firamare da sakandare. Ɗan damfara na iya kwaikwayon tambarin mikiya da dawakai, ya ɗora hoton shugaban ƙasa, ya rubuta Turanci mai kyau. Abin da kuɗinsa ba zai saya masa ba shi ne suna a ƙarƙashin gov.ng ko mil.ng.

Sai dai hatimi ba ya amfanar wanda bai iya karanta shi ba, don haka mu ɗan dakata a nan, mai waya a hannu ya duba. Adireshin intanet daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajami. Ka bar abin da ya fara da https, ka bi rubutun har ka iso sandar farko da ta karkata, ka tsaya nan. Abin da ke gab da sandar ta hagu shi ne wutsiya, shi ne kuma ke faɗa maka mai gidan. Shafin ɗaukar sojojin ƙasa shi ne recruitment.army.mil.ng, ka ga ya ƙare da mil.ng. Na hukumar JAMB jamb.gov.ng ne, na NECO neco.gov.ng, na gwamnatin jiharmu katsinastate.gov.ng. Yanzu ga dabarun maƙaryata, kuma misalan da zan bayar ƙirƙira ce don koyarwa. Wani zai rubuta army.mil.ng sannan ya ƙara ɗigo da wata kalma da ɗigo xyz a ƙarshe. Ido ya ga army da mil da ng ya natsu, alhali wutsiyar xyz ce, kowa na iya sayenta da kuɗin katin waya. Wani zai sa gajeren layi a madadin ɗigo, ya rubuta jamb-gov-ng sannan ɗigo com. Wani zai ajiye gov.ng bayan sandar, inda kowa ke rubuta abin da ya ga dama. Wani ma bai wahalar da kansa ba, shafin kyauta ya buɗe wanda ya ƙare da blogspot.com, ko ya ɓoye adireshin gaba ɗaya cikin gajeren linki irin na bit.ly. Wannan karatun bai kai darasin minti goma ba. Malamin aji a Yankara ko Daudawa zai iya rubuta shi a allo, limami zai iya tunatarwa bayan sallar Juma'a, mai cajin waya a bakin kasuwar Sheme zai iya nuna wa duk wanda ya kawo masa waya.

Amma fa karatun hatimi yana aiki ne idan hukuma na buga hatimin. Idan sanarwar gaskiya ita ma ta WhatsApp take zuwa, a hoton takarda da aka ɗauka da waya, daga lambar wani hadimi, da imel na Gmail a ƙasanta, to hukuma da kanta ta koya wa jama'a yarda da duk abin da ya yi kama da haka. Gwamnatin tarayya ta gane wannan. Tun a 2013 ƙa'idojin NITDA suka ce shafukan hukumomi su kasance a ƙarƙashin gov.ng, a kuma ajiye su a na'urorin cikin gida, sannan a Fabrairun 2022, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta hana ma'aikatanta yin aikin hukuma da adireshi ko imel na kasuwa. A matakin ƙaramar hukuma kuwa, tsaya ka tambayi mutanen da ke layi a sakatariya adireshin intanet na ƙaramar hukumarsu, ka ga ko za ka sami amsa. Ga shi kuwa a nan ne ake raba taki, a nan ake ɗaukar sunayen waɗanda aka raba da gidajensu, a nan ake ba da takardar shaidar ɗan asalin gari da yaro ke buƙata don neman makaranta ko aikin ɗamara. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk wanda ke neman a sakar masa kuɗi da hannunsa, ya kamata ya kasance da wuri guda sananne inda yake bayyana abin da ya shigo da abin da aka kashe, wurin da ɗan gari zai ce wannan daga bakinsu ya fito, kuma ba za a wayi gari an goge shi ba.

Mutanen Ƙanƙara sun san tsadar rashin murya guda a ranar tashin hankali. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce 333 ne ba a gani ba, kakakin shugaban ƙasa Malam Garba Shehu ya ce goma ne ke hannun ɓarayin, daga baya ya nemi afuwa, kuma ranar 17 ga wata aka sako 344. Ba wanda zai ce shafin intanet zai hana a sace yaro ko ya dawo da shi, Allah Ya kiyaye mu da faɗin haka. Amma iyayen da ke Katsina da Kano da Kaduna da Legas, waɗanda suka kwana shida suna bin kowace jita-jita a waya, sun cancanci wuri guda da za su duba su san abin da hukuma ta tabbatar da abin da ba ta tabbatar ba.

Na san abin da wani dattijo a Sabuwa zai ce, kuma maganarsa na da nauyi. Zai ce, malam, mu da ba mu iya zuwa gona, mu da aka taɓa kashe mana sabis gaba ɗaya, ina ruwanmu da wutsiyar adireshi? Gaskiya ne, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa, kuma sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da su. Mutane sun yi ta doguwar tafiya don kira guda ko don karɓar kuɗin da aka turo musu. Sai dai wannan lokacin shi ne ma ya fi nuna buƙatar. Gab da katse layukan gwamnatin jiha ta fitar da dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Direban da ke tasowa daga Zariya, da mai fataucin shanu daga kudu, da ɗan garin da ke ci-rani yana son sanin ko zai iya zuwa gida, duk suna wajen da sabis ke aiki, kuma ainihin rubutun dokar suke buƙata, ba abin da wani ya ji daga wani ba. Sunan intanet ba a jikin turken sabis na garinku yake ba. Ko an kashe turken, shafin na nan ga duk wanda ke wajen yankin, kuma al'ummar da tsoro ya warwatsa 'ya'yanta zuwa garuruwa ta fi kowa dogaro da irin wannan. Batun kuɗi kuma, abin da ake kashewa a shekara kan suna da masaukin ƙaramin shafi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da ake kashewa a taron ƙaddamarwa guda.

Wani matashi kuma zai ce Facebook ya wadatar, kowa yana can, kyauta ne kuma. Ban ce a bar Facebook ba, can jama'a suke, can za a same su. Amma kowa na iya buɗe shafi da sunan kowace ƙaramar hukuma cikin minti biyar, ya sa hoton ciyaman, kuma babu wasiƙar da za a tambaye shi. Shafin da hadimin ciyaman ya buɗe da lambarsa yakan tafi da shi ranar da aka sauka daga mulki. Sannan kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, kuma daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, har hukumominta da suka saba sanarwa a can suka rasa bakin magana. Abin da ya dace shi ne a buga sanarwa a adireshin gov.ng, sannan a watsa linkinta a Facebook da WhatsApp da rediyo, mai shakka ya bi ta ya ga inda ta fito.

Akwai suka guda biyu da suka fi waɗannan ƙarfi, kuma ba zan yi kamar an gama da su ba. Ta farko, tunda com.ng da ng zalla a buɗe suke, ɗan damfara ma na iya saye, don haka ganin ng kaɗai ba shaida ba ce. Haka ne, shi ya sa masu tallata wutsiyar da sunan amana ya kamata su riƙa faɗin gaskiya cewa amanar tana cikin gov.ng da edu.ng da mil.ng da sch.ng, kada jama'a su sauya wata makauniyar yarda da wata. Ko na kullen ma, 'yan kutse kan shiga shafin hukuma idan an bar shi ba kulawa, kuma da yawa daga shafukan gwamnati a ƙasar nan sun daskare, labarin da ke fuskarsu na shekarun baya ne. Wutsiyar gov.ng tana shaida mai magana ne kawai, ba ta shaida cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ko sabo ne. Duk da haka sanin mai magana shi ne matakin farko na kama shi da maganarsa, kuma ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce, duk shafin da ya nemi lambar sirrin katinka na banki, ko wace wutsiya gare shi, ka rufe shi.

Suka ta biyu ta 'yan jarida ce da masu fafutika: idan na sa shafina a ƙarƙashin ng, ashe ban miƙa wuyana ga gwamnati ba? NiRA ƙungiya ce mai zaman kanta, amma dokar NITDA ta 2007 ta ba hukumar ikon sa ido a kan wutsiyar ƙasa, don haka tsoron ba na banza ba ne. Sai dai ɗigo com ma tana da mai gida. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke gudanar da ita, ƙarƙashin dokar Amurka, kuma a Yunin 2021 gwamnatin Amurka ta ƙwace sunayen shafuka sama da 30 masu alaƙa da Iran, har da na tashar Press TV, wadda ta koma wutsiyar ƙasarta. A gida kuma, a Janairun 2021 aka toshe shafin jaridar Peoples Gazette a layukan wayar Nijeriya duk da cewa com ce wutsiyarta. Kowane suna yana ƙarƙashin dokar wani, kuma wanda ya iya kashe sabis na ƙananan hukumomi 13 ba ya buƙatar kundin NiRA kafin ya toshe ka. Ɗan jarida mai hankali yana iya riƙe suna biyu. Ƙaramar hukuma da makarantar gwamnati kuwa wannan tsoron bai shafe su ba.

Ɗan kasuwa fa? A nan ba zan matsa ba. Mai shagon kayan masarufi a Faskari da abokan cinikinsa duk 'yan unguwa ne ba ya buƙatar shafi, kuma wanda ya ce masa dole ne, kuɗinsa yake so. Amma ƙungiyar manoman masara ko auduga da ke neman mai saye daga Kano ko Ibadan, ko masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara da ke son yin magana da masana'antar fenti ba tare da dillalai uku a tsakani ba, ko asibiti da makaranta masu zaman kansu, imel mai ɗauke da sunansu yana sa a saurare su. Kuɗin com.ng 'yan dubban nairori ne a shekara, kuma da naira ake ƙayyade shi, alhali na com da dala ake lissafa shi. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ya san bambancin. Duk da haka sunayen da ke ƙarƙashin ng sun ɗan haura dubu 200 ne kawai a 'yan shekarun nan, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, yayin da Afirka ta Kudu ta wuce miliyan ɗaya, Jamus kuma ta wuce miliyan 17. Sai dai a yankinmu akwai abin lura da ɗan Legas ba zai tuna ba. Rajista na neman suna da adireshi da lambar waya, kuma akwai kundin da ake bincika mai suna a cikinsa. Inda ake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, bai kamata mutum ya rubuta adireshin gidan kwanansa ba. A yi da sunan ƙungiya ko kamfani, da adireshin ofis da lambar ofis. NiRA da dillalanta kuma, tun da an kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, wajibinsu ne su tabbatar bayanan ɗaiɗaikun mutane ba su zama abin kallon kowa ba.

Saura tarkon da ya fi cin hukumomi da makarantu, kuma ba ɗan damfara ke haƙa shi ba. Shugaban makaranta ya kira wani yaro mai kafe daga Funtuwa ya ce a yi mana shafi. Yaron, don sauƙin aiki, ya yi rajistar sunan da nasa sunan da nasa imel. Aka biya shi, aka yi hoto, kowa ya watse. Bayan shekara saƙon tunatarwa ya tafi akwatin yaron, shi kuwa ya tafi hidimar ƙasa ko ya canza layi. Shafin ya mutu. Akwai ɗan wa'adin da ake ɗaga wa mai suna ƙafa, bayansa sai da ƙarin kuɗi ake fansa, bayan wannan kuma a saki sunan ga duk wanda ya riga zuwa, ko da mai talla ne na caca, alhali adireshin na nan rubuce a allon ƙofar makaranta da kan takardun sakamako. NiRA na da hanyar shigar da ƙara idan wani ya riƙe sunan da ba nasa ba da mugun nufi, amma hanya ce mai cin lokaci da kuɗi. Don haka a rubuta sunan hukumar ko makarantar a gurbin mai suna, a yi amfani da imel da ofis ke riƙe da shi, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri, a sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara. A ƙaramar hukuma kuma riƙon ya zauna a hannun ma'aikatan dindindin, ofishin daraktan mulki ko jami'in yaɗa labarai, kuma ranar da ciyaman mai barin gado ke miƙa makullan motoci da takardun asusu, a rubuta sunan shafin da ranar ƙarewar rajistarsa cikin takardar miƙa mulki, sabon ciyaman ya sa hannu cewa ya karɓa.